Abdussalami Tsakanin Bur Sudan da Kano

Abdussalami Bahaushe ne, manomi a wani ƙauye kusa da Wad Haddad, a ƙasar Sudan. Tun yana saurayi yake noma dawa da auduga a hawashar da ya gada, wato gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a, magudanar ban ruwa. Bai taɓa wuce Wad Madani ba sai da gemunsa ya yi fari.

Ɗiya ɗaya gare shi, Hanaa. Ta auri wani Bakano mai suna Adam da ya zo karatu jami'a. Da yaƙi ya ɓarke, aka kwashe su a jirgi zuwa Nijeriya. Bayan tafiyarsu matar Abdussalami, Sabah, ta rasu, ya zama shi kaɗai a gida, shi ne girki, shi ne ban ruwa.

Da Hanaa ta haihu, ta matsa masa a waya.

"Baba, ka taho. Daga Bur Sudan zuwa Kano ko wuni guda ba a yi a sama."

"To, ɗiyata, mi za ni yi da dawa tana tsaye?"

Sai da aka yi girbi ya tashi. Motar farko ta lalace a hanya. A kowane shinge sai a sauke su a duba takardu, a tambaye shi ɗan ina ne. A Bur Sudan aka ce fasfo ɗinsa ya mutu. Ya yi makonni yana kwana a harabar masallaci, zafin teku yana dafa shi, kafin sabon ya fito. Sannan ya ji ashe babu jirgin da ke miƙewa Kano, sai an sauka wata ƙasa an sake wani. Can ma ya wuni a kan kujerar ƙarfe, ƙafafunsa a kumbure.

Adam ne ya tarbe shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ya hanya?"

"Ta saman ban san ta ba, barci na yi. Ta ƙasa ce ta cinye ni."

Aka miƙa masa jikarsa. Ya riƙe ta, ya yi mata addu'a.

Gidansu yana kusa da filin jirgi. Duk sa'ad da jirgi ya taso, Abdussalami sai ya sunkuyar da kai ya raɓa jikin bango, don a ƙauyensu wannan ƙara ba ta matafiya ba ce. Maƙwabta suna son hirarsa, suna cewa Hausarsa irin ta kakanninsu ce, sai dai rabinta Larabci.

Ya ce wata biyu zai yi. Yanzu damina ta biyu ke nan. Wani maƙwabcinsa a ƙauye, Salihu, shi ke noma hawashar. In sun yi waya, Abdussalami yakan tambaya ko an sako ruwa a tur'a, da ko rufin ɗakin Sabah yana yoyo.

Ran nan Hanaa ta tambaye shi ko a fara neman masa tikitin komawa. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Bari dai ƙafafun nan su saɓe tukuna," in ji shi.