Kujerar da Kwamfuta Ta Ba Ni

Shekarar da kamfaninmu ya kwaso hedikwatarsa daga Legas zuwa Abuja, sassa biyu suka haɗe, kujerar shugaban sashe ta zama ɗaya. Mu biyu muke kanta: ni da wani dattijo mutumin garin Kwali, Kirista, wanda ya koya mini aiki tun ban san inda ake kunna injin hoto ba. Baba muke ce masa. Wanda bai samu kujerar ba, ritaya ce ke jiransa.

Manyanmu sun gaji da ƙorafin ƙabilanci, sai suka sayo wata manhaja, wai an ƙera ta kan tsarin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A zuba mata saƙonnin imel da rahotannin ma'aikata, ta koyi wa ke jan aiki, ta ba da shawara. To madalla.

Matsalar ita ce Baba ba ya aika imel. Ya iya sarai, amma a wurinsa raini ne ka tura wa mutum rubutu alhali ofishinsa na nan kusa. Sai ya tashi ya taka, ya gaisa, ya tambayi iyali, sannan a kashe magana. In ya dawo sai ya ce, "Ɗana, rubuta musu abin da muka tsayar." Ni kuwa sarkin rawar kai, in zauna in rangaɗa, sunana a ƙasa. Haka muka yi shekaru, ba wanda ya ga aibu.

Manhajar ta duba, ta ga komai daga hannuna yake fita. Baba kuwa kamar ba ya zuwa aiki.

Wallahi na yi magana. Na shiga wurin manajan darakta raina a ɓace, na ce, "Oga, wannan aikin duk na Baba ne, ni magatakarda ne kawai." Ya yi dariya ya ce, "Kunya ce ke damunka. Kwamfuta ba ta da ƙabila, ba ta da coci ko masallaci." Na sake faɗa, ya sake dariya. Aka ba ni kujerar, na zauna a kai. Ina da iyali, me zan yi? Amma har yau abin yana ci na, ba na son tuna shi.

Bayan watanni na daure na je gaishe da Baba a gidansa da ke unguwar Kubwa. Na shirya jin magana mai zafi, da ma ita nake so. Sai ya tare ni a ƙofa da fara'a, ya kama hannuna yana ƙwala wa matarsa kira.

"Fito ki gani, ɗana ya zo! Ban ce miki yaron nan zai yi nisa ba?"

Ta fito da kofin ruwa. Na durƙusa na ce, "Mama, ina wuni?" Ta ajiye ruwan a gabana, ta koma ciki ba ta amsa ba.