Ranar da Na Rataya a Wuyan Noti

Malam Edita, bayan gaisuwa mai yawa. Na daɗe ina karanta tarihin dauloli, kuma abin da na tsinta a ciki shi ne, duk wani abin alfahari da ɗan Adam ya gina tun da ya san ƙarfe, daga babbar gada har jirgin sama, a rataye yake a wuyan wani noti da wani bawan Allah ya murɗa, ko ya yi niyyar murɗawa aka kira shi cin tuwo. Masu rubuta tarihi ba su cika kula da noti ba. Ni ma ban kula da shi ba sai da muka zauna ido da ido, shi a sama, ni a ƙasa.

A lokacin ni matashin mushe ne, wato malamin lakwal, makarantar boko, an turo ni daga Damagaram zuwa wani ƙauye a ƙasar Tanut, can wajen Tenhya. Siriri ne ni kamar karan gero, ina da sabuwar amarya, da kai cike da darussan kimiyya da ba wanda ya roƙe ni, da kuma tabarau mai kauri wanda in na cire shi ba na bambanta maigari da turken jaki. Rijiyar garin irin ta Damargu ce, in ka jefa tsakuwa sai ka gama salati kafin ka ji ƙararta. Da takarkari ake jan ruwa: a ɗaura masa igiya, ta bi ta kan ƴar tayar katako da ke bakin rijiya, ya yi ta tafiya har wasaki ya fito. Kowane gida da igiyarsa da wasakinsa, da yamma kowa ya kwance nasa ya tafi da shi. Damuwarsu ɗaya, bakin igiyar da ke nutsewa cikin ruwa kullum ruɓewa yake yi. Sai na kawo shawarar a sa guntuwar sarƙa tsakanin igiya da wasaki, na kuma ɗauki alkawarin samo abin da zai haɗa igiyar da sarƙar.

Da hutu ya zo na shiga kasuwar Damagaram wajen masu tsofaffin ƙarafa, na nemi abin da Faransawa ke kira mayon. Zobe ne dogo na ƙarfe, kamar an ciro ɗa guda daga jikin sarƙa, sai dai gefe ɗaya a buɗe yake, da noti mai haƙora da ake murɗawa ya rufe bakin. Mai rumfar ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya ƙato ne, baƙi, mummuna, an buga lambar nauyin da yake iya ɗauka a jikinsa. Ɗayan siriri, fari tas yana walƙiya, ba rubutu ko ɗigo. Ni da nake cin abinci da koya wa ƴaƴan mutane karatu, na zaɓi wanda ba a rubuta komai a kansa ba, don ya fi kyan gani kuma yana shiga aljihun riga.

A ƙauye kuwa ya samu karɓuwa irin ta baƙon da ya zo da goro. Dattijon da ya ba ni masauki, wanda da igiyarsa muke jan ruwa, ya riƙa shafa masa man shanu, domin a nan duk kayan rijiya mai daraja sai an shafe shi da mai, kuma bai ga dalilin da za a ware ƙarfe ba. Tunda kullum da yamma kwance shi ake yi a raba igiya da wasaki, ba wanda ya taɓa matse shi da wani abu da ya wuce yatsa. Ga yashi yana shiga haƙoran yana cinye su a hankali. Kafin shekara ta zagayo, da ɗan yatsa guda za ka kaɗa notin ya yi ta juyi shi kaɗai, mu kuwa muka ɗauki wannan a matsayin alamar nagarta. Har nuna wa baƙi muke yi.

Sai farin nan na tsakiyar shekarun tamanin ya zo. Majiya ƙarfi suka yi kudu neman abinci, har da mai yasar rijiyarmu. Wata safiya wani ɗan akuya da ƙishirwa ta gigita ya faɗa ciki. Ruwan sha a garin shi ke nan, in mushen ya kwana biyu a ciki an rasa shi. Aka duba waɗanda suka rage: tsofaffi, mata, sai ni. Akwai wani tsohon Bafulatani mai takarkarin, abokin wasana, tunda ni jinin Barebari ne. Shi ya ce a sauke bawansa, wato ni, ba shi da nauyi, in ma igiya ta tsinke asarar ba ta da yawa. Aka yi dariya, ni ma na yi, kuma a gaskiya ina son a ga ƙarfena yana ɗaukar mutum. Don girmama raina aka fito da sabuwar igiyar kaba da ba a taɓa jan komai da ita ba. Aka cire wasaki aka ɗaura guntun itace a sarƙar don in zauna. Na murɗa notin da yatsu biyu ina ɗaga shi sama kowa ya gani, kamar a gaban allo. Na miƙa wa matata tabarau kada ya faɗa, na ce bismillah.

Sabuwar igiya in ta ji nauyi warware murɗinta take yi, don haka tun daga sama na fara juyawa a hankali kamar mazari. Hasken bakin rijiya ya yi ta ƙanƙancewa, iska ta yi sanyi da warin laka. Ba na ganin bango, ba na ganin ƙasa. Abu guda da idona ke gani tangaran shi ne mayon, domin daidai hancina yake. A nan na lura hancin igiyar ya zame ya koma gefen notin, kuma duk juyin da na yi sai ya goge shi kaɗan. Na ga haƙora sun bayyana. Na ga baki ya buɗe. Na kai hannu in mayar da shi, amma nauyina ya riga ya buɗa ƙarfen, haƙoran sama da na ƙasa sun daina kallon juna. Na kwarma ihu a tsaya, suka naɗe igiyar a gungumen bakin rijiya.

Abin mamaki, ban firgita yadda nake zato ba. Wata irin natsuwa ce ta sauko mini. Na miƙa hannun dama na naɗe shi da igiyar da ke sama da ƙarfen, don in rage masa nauyi, sannan na fara wasiyya da ƙarfi. Na yafe wa mutanen da ba su san sun yi mini laifi ba. Na raba littattafaina. Matata ta leƙo ta ce Mushe ya riƙe igiya ya bar jawabi sai an koma aji. Dattijon masaukina ya tambaya, a ƙara sauke ni ne ko a jawo ni. Ban ko yi tunani ba na ce sama, amma ban da takarkari, domin fizga guda ta isa ta ƙarasa miƙar da ƙarfen. Bafulatanin ya amsa cewa tun da aka haife shi bai taɓa ɗaukar bawansa da hannu ba, amma yau zai yi don Allah, kuma kada in saba.

Haka tsofaffi da mata suka jeru suna jawo ni kamu bayan kamu. Duk tsawon rijiyar nan na hau shi a kan buɗaɗɗen ƙarfe, ina kallonsa yana ƙara hangame baki, kaba tana cin naman hannuna. Da na fito, mayon ya zama ƙugiya, sarƙar na maƙale a ɗan lanƙwasan da bai kai faɗin farce ba. Matata ta sa mini tabarau, ta juya baya ta fashe da kuka. Tabon igiyar yana nan a damtsena har yau, kuma in sanyi ya yi yatsu biyu ba sa riƙe alli.

Abin da ya fi damuna bayan shekarun nan shi ne, da a ce wani aka sauke ba ni ba, da hannuna na murɗa masa ajali ina murmushi. Don haka ina roƙon masu karatu, duk mai haɗa igiya da sarƙa da irin ƙarfen nan, a rijiya ne ko wajen jan mota, ya sayi wanda aka buga nauyinsa a jiki, ko da ya fi kowa muni. Wanda ake kwancewa kullum don wasaki daban, wanda za a rataya rai a kansa daban. A wanke yashin haƙoransa, a murɗa shi har ƙarshe, a ƙara matsewa da sifana. A duba igiya da sarƙa suna zaune a kan dogayen kusurwoyinsa biyu, kada ɗaya ta kwanta a kan noti. In ya taɓa ɗaukar nauyi a buɗe, ko notin ya fara juyi da kansa, a jefar. Mutum kuma kada ya sauka rijiya sai da igiya ta biyu a ƙugunsa.

Washegari wani Buzu mai wucewa ya sauka da ƙullin igiya ya fito da ɗan akuyar. Daga shaidar inda suka naɗe igiyar jiya zuwa ƙasa, kamu biyu aka ƙara masa, wato abin da ya rage mini ke nan in taka ƙasa. Ruwan kuma iyakarsa gwiwa.