Tiren Hajiya Nurten

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makomarmu. Ranar Talata, shida ga Disamba, 2022, gari na ta hayaniyar ƙwallon duniya, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu a unguwar Nu'aija, Hajiya Nurten, mutuniyar Turkiyya. A gidanmu jikokina lafiya, surukata Haulat lafiya, ɗana Garzali ya koma garejinsa a unguwar Sana'iyya. Ni ce barci ya ƙaurace wa.

Hajiya, a sanyin shekarar korona Garzali ya fito daga asibiti ba ya jin ɗanɗanon komai. Abin da Haulat ta dafa duk sai ya ture. Ina binsa da kwano ina roƙo, wandonsa na zamewa don rama.

Wani dare wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba kowa, sai tire: miya mai tururi, burodi, zaitun, cuku. Na ɗauka sadakar mutuwa ce, har na sa hijabi zan je gaisuwa. 'Yarki Aysel ce ta yi wa Haulat bayani ta waya. A ƙasarku daren sanyi dogo ne, sai a sake fito da ɗan abinci kafin a kwanta. Ba a ce wa kowa ci. A ajiye a tsakiya, a ci gaba da hira.

Muka yi haka. Na kame bakina da ƙyar. Can Garzali ya miƙa hannu ya ɗauki cokali.

"Inna, wannan miyar da tsami."

Wata biyu harshensa bai gane komai ba.

Tarinsa kika ji ta bango. Ban da sallama, ba kalmar da muka haɗa da ke, amma har sanyin ya wuce tiren bai fasa zuwa ba. Na rasa inda Allah Yake samo irinku.

A al'adarku ba a mayar da kwano ba komai, ni kuwa nakan cika shi da alkaki. Tiren da kika aiko daren Litinin yana nan wurina.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke a Aljanna. Allah Ya ba iyalinki haƙuri.

Aysel, da girmana na koyi rubutu, Garzali zai fassara miki. Ki rubuto mini yadda ake miyar nan kafin addu'ar arba'in. Ba zan dawo da tiren mahaifiyarki haka nan ba.