Bankwanan Inna

Fatar idon Inna ta hagu ce ta fara sauka, a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in. Kakata ce, a 'Yankuzo take zaune. Wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya, ciwon kan da take fama da shi ko gezau bai yi ba. Sai na ɗauko ta zuwa gidana a Damba, daga nan aka tura mu Kaduna hoton kai.

Likita ya ce wata jijiyar jini ce ta kumbura a ƙwaƙwalwa, tana iya fashewa ko yaushe. Tsaga kan tsohuwa hatsari ne, amma a ƙasar waje an fara zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin kumburin, a naɗe ta kamar gammo ta toshe shi.

Inna ta kalle ni da ido ɗaya. "Maigida, mi yac ce? Gammo bisa kai na sani. Yau kuma ciki za a sa shi?"

Ta yarda, kawuna ya shiga neman biza. Da bizar ta fito, sai Inna ta ce ƙafarta ba ta taka jirgi sai ta bi dangi ta nemi gafara. Na yi faɗa, wallahi har da ɗaga murya. Ta ce, "Kai, rufe mini baki, ɗauko mota."

Ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. A Tsafe ta roƙi wata tsohuwa gafarar akuyarta da ta taɓa ci mata dawa tun suna amare, suka yi ta dariya har da hawaye. Kowane gida sai an dama fura, sai an kwana. Ni ina duba agogo, ita tana tsokanata wai mijin nata ya cika gaggawa.

Bungudu ce ta ƙarshe, gidan ƙanwarta. Bayan la'asar suna zaune a tabarma, ta dafe kai ta ce, "Wayyo." Kafin mu kai Gusau ta daina magana, ba ta sake farfaɗowa ba.

Na daɗe ina jin haushin wannan yawo, har yau ma yana taso mini. Amma abin da ya fi cina shi ne, da safen ranar ta riƙo hannuna a mota ta ce, "Saura kai." Na ce ta bari sai mun dawo.