Muryar Mahaifina da Na Ara

Da sunan Allah nake farawa. A shekarun fari, lokacin mulkin soja, ni saurayi ne a Tsibiri, ɗan malamin da unguwarmu ta ba amanar rumbun iri. Na yi allo, na iya ajami, amma zuciyata tana wurin wasan kwaikwayo. Da na ce zan tafi Maraɗi, mahaifina bai hana ni ba, ya dai ce in riƙe salla.

Na sauka Sabon Gari, ɗaki guda da 'yan wasan samariya, ƙungiyar matasa ta wancan lokaci. Garin rogo da shayi ne abincinmu, kiɗa da gardama ne aikinmu, muna ganin mu kaɗai muka waye. Sai aka shirya wasa kan masu ɓoye hatsi, aka ce in fito a mugun tsohon. Na rasa yadda zan yi shi, sai na ɗauki muryar mahaifina, da gyaran muryarsa kafin magana, da yadda yake jan salati. Jama'a suka yi ta dariya, har aka sa wasan a rediyo.

A Tsibiri ba wanda bai gane muryar ba. Ƙanwata ce ta zo ta gaya mini cewa mutane sun taru a ƙofar gidanmu, suna cewa ɗa ba zai yi wa ubansa ƙage ba, lalle hatsi ya ɓoye. Mahaifina ya rantse musu iri ne kawai a rumbun, su yi haƙuri har damina. Suka ƙi. Ya buɗe, ya auna wa kowa nasa, kuma yunwa ta sa aka daka aka ci. Da ruwa ya sauka, sai da aka je har Jiratawa roƙon abin shukawa, wasu gonakin haka suka kwana.

Na koma na durƙusa gabansa. Ya ce ya yafe, ya tambaye ni kawai ko an yi dariya sosai. Daga ranar bai sake gyaran murya a gaban mutane ba, har Allah ya karɓi ransa.

Ban ce wasa haramun ba ne. Amma matasa masu fita nema wa kansu suna, ku duba abin da kuka ɗauko daga gida, domin na wani ne. Yau na tsufa, muryar nan ta zama tawa ba tare da kwaikwayo ba, kuma duk sanda na ja salati, shi nake ji. Allah ya jiƙansa.