Turmin 'Yata da Awartakin Baba

Mahaifina wanzami ne, kuma a unguwarmu ta New Bell duk wanda haƙori ya dama ya san ƙofar zaurenmu. Awartakinsa yana cikin zabira tare da aska da ƙaho. Ni ma na ɗanɗana shi ina 'yar shekara tara. Ya ce haƙorin yarinta ne, wani zai fito. Yau 'ya'yana uku, wanin bai fito ba, da gefe ɗaya nake tauna.

Da 'yata ta fari ta kai shekara takwas, sai ta fara gudun ruwan sanyi. In ta kurɓa sai ta dafe kunci. Na haska bakinta da fitilar waya, na ga baƙin kogo a turmin haƙorinta na ƙasa, can ƙurya. Alawar bakin makaranta ta yi aikinta.

Washegari na dawo daga ofis na tarar Baba ya zaunar da ita a tabarma, zabira a buɗe, yana tsokanarta.

"Amaryata, buɗe in gani. Ai famfara ce ba ki gama ba. Yanzu zan raba ki da shi."

"Baba, ku yi haƙuri," na ce, "ba za a cire ba."

Ban taɓa musa masa ba, ballantana ga abokansa biyu zaune. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na kama hannun yarinya muka fita. Muka hau babur cikin ruwan sama sai unguwar Bali, wajen wata likitar haƙori da abokiyar aikina ta yi mini kwatance.

Likita ta ɗauki hoton haƙorin. "Madam, wannan ba ya sakewa," in ji ta. Ta ce yana fitowa ne wajen shekara shida, a bayan sauran, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye suke lissafa shi cikin na yarinta. Ta nuna mini saiwarsa, ba ta gama girma ba, kuma jijiyar da ke ciki ita ce mai ƙarasa ginin. Za ta kankare ruɓar, ta yanke saman jijiyar da ya lalace kawai. In jinin ya tsaya da wuri, sauran lafiya ƙalau yake. In ya ƙi, sai an kwashe jijiyar duka.

Aka yi allura, inji ya yi ƙara, likita ta danna auduga. Na riƙe ƙafar 'yata ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Tsoro nake ji ƙwarai, har da tsoron komawa zaure da kunya. Likita ta ɗaga audugar, ta duba, ta ce, "Ça va, lafiya lau, jinin ya tsaya." Ta shafa wani farin magani, ta yi ciko.

Baba ya yi fushi. Makonni ina durƙusawa gaisuwa, "lafiya" kawai nake samu. Abin ya ci mini rai, amma ban fasa gaisuwar ba, ban kuma tsallake ranar komawa asibiti ko ɗaya ba. Alawa kuwa na sa mata doka, har mai sayarwa ya san fuskata.

Bayan shekara da wani abu, hoto ya nuna saiwar ta gama girma, ta rufe. Na kai wa Baba. Ya ɗaga shi a hasken ƙofa ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɓare kilishi ya miƙa wa amaryarsa, ya zuba ido. Da wannan gefen ta tauna, tana surutu.

Ranar Asabar wata maƙwabciya ta yi sallama, riƙe da ɗanta, ya dafe kunci.

"Daga zaure nake," ta ce. "Baba ya duba, ya ce turmi ne, in zo ki raka mu wajen likitar nan."

Na ɗauki mayafina.