Hoton da Na Sa a Durowar Tawul

Shekarata ta biyu a Amurka na samu aikin kula da wani dattijo a garin Bowie, ɗan Katolika, tsohon malamin tarihi. Ni ke dafa masa abinci, in ba shi magani, in riƙe shi ya ɗan taka, da yamma in tafi gida. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. 'Yarsa guda ce, ran Lahadi take zuwa.

A kan teburin falonsa akwai ɗan hoto cikin firam, na wani ramamme mai farar riga, an aske masa tsakiyar kai. Waliyyinsa ne, kuma na sha labarinsa har na ƙoshi. Wai ɗan masu hali ne a Turai, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya bar dukiya da aure ya shiga cikin masu zaman ibada. Ya tarar sun yi teɓa, coci ya cika da ado, sai ya tsaya kai da fata sai an koma noma da cin gayan burodi. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan da a garinmu yake, ba mai gayyatarsa cin tuwon suna."

Teburin nan yana saitin alƙibla, falon kuma nan kaɗai nake iya salla ina jin motsin Baba. Ni kuwa ba na salla da hoto a gabana. Maimakon in buɗe baki in faɗa, sai na riƙa jira ya yi gyangyaɗinsa na rana, in sa hoton a durowar tawul, in na sallame in mayar.

Wata Alhamis ina sallamewa aka kira ni daga gida, na manta ban mayar da hoton ba. Washegari na tarar ya hargitsa falon, gumi sharkaf. Ba ɓatan hoton kaɗai ya firgita shi ba. 'Yarsa ta riga ta gaya masa, ranar da ya fara ajiye abu yana mantawa, kwana shi kaɗai ya ƙare, sai gidan tsofaffi. Shi kuwa a gidan nan matarsa ta rasu, ba ya son barinsa.

Magana ɗaya ta isa. Amma na tuna da ƙyar na samu aikin, na hango ana cewa Musulma ta ɓoye wa tsoho kayan addininsa. Sai na durƙusa ina taya shi leƙa ƙarƙashin kujeru. Har yau in na tuna durƙuson nan, kunya ke rufe ni.

Ran Asabar yana banɗaki na zaro hoton na cusa ƙarƙashin tsofaffin jaridu, wai ni mai dabara. Ran Lahadi 'yarsa ta ɗaga jaridun, ga shi nan.

Baba ya ce a hankali, "Sau uku na duba nan."

Ta juyo wajena. "Ko kin ga sanda ya ajiye shi a nan?"

Na ce, "Ban lura ba."

Garin neman gira aka rasa ido, idon kuma ba nawa ba. Ba a jima ba ta kai Baba gidan tsofaffi a garin Springfield, kusa da ita. Sai da aka sayar da gidan sannan na iya kiranta na faɗi gaskiya. Ta ce ba don hoton kaɗai ba ne. Wataƙila haka ne, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Na daɗe ina ɗagawa kafin na je duba shi. Ɗaki ne ƙarami, gado ɗaya, kujera ɗaya, waliyyin yana kan tebur. Na tsara abin da zan ce tun a mota. Amma sai muka ɓige da hirar abincinsu marar gishiri, har azahar ta yi.

Baba ya dubi agogo, ya miƙa hannu ya kife hoton da kansa.

Ya ce, "'Yata ta gaya mini. Da kin tambaye ni, ai shi ma waliyyin faɗa ya yi a cire hotuna daga wurin ibada. Tashi ki yi sallarki."